Sanarwa ga ƴan zumuntar mata kan riƙe amana

Salama a gare ku, iyayena da ƴan'uwana na nan Zuru.

Ina roƙonmu mu daina baza damuwar mutane a wannan zaure da sunan neman addu'a. Idan ƴar'uwa ta ja ki gefe bayan sujada, tana share hawaye da bakin zane, ta ce aurenta na tangal-tangal ko likita ya gano mata ciwo, amana ta ba ki. "Ku sa wata cikin addu'a" ya wadatar, Ubangiji ya san sunanta. Ku tuna Yusufu a Matiyu 1:19, da ya ga Maryamu da juna biyu bai so ya kunyata ta a gaban jama'a ba.

Amma akwai abin da ba a rufewa. Yarinya ta ce ana lalata da ita, ko mace na shan duka har jini, ko wani ya ce zai kashe kansa, a nan shiru cutarwa ne. Kada ki kawo zaure. Ki gaya wa mai maganar za ki nemo taimako, ku je wurin fasto ko matarsa, a kai asibiti, a sanar da hukuma.

Wadda ke cikin irin wannan hali ta kira ni kai tsaye, ko da tsakar dare ne.