Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministar Al'adu: a naɗi muryar waɗanda jirgin yaƙi ya tarar a kasuwa

Ranki ya daɗe, Hajiya Barista Hannatu Musa Musawa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan Allah ya taya ki riƙo, na rubuto ne a kan wata magana da ta daɗe tana ci mini rai, kuma na ga ƙofarki ce ta dace in ƙwanƙwasa, tunda Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa a ƙarƙashin ma'aikatarki take.

Na yi shekaru ina tsaron shagon yayana a kasuwar Sabon Gari, Kano. Maƙwabciyarmu wata dattijuwa ce 'yar ƙabilar Ibo mai sayar da manja da garin rogo, kowa Mama yake ce mata. Kin san filin jirgin Malam Aminu Kano bai da nisa da wurin, jirage kan sauko ƙasa-ƙasa. Duk sanda ɗaya ya gifta, ko tana tsakiyar awo ne, sai hannunta ya tsaya cak, ta sunkuyar da kai har ƙarar ta wuce, sannan ta ci gaba da zuba manjanta kamar ba a yi komai ba. Yaran kasuwa har tsokanarta suke yi. Wata rana da ruwan sama ya tsare mu a rumfa na tambaye ta dalili. Ta ce tana 'yar shekara tara ta raka mahaifiyarta cin kasuwa a garinsu lokacin yaƙin basasa, uwar ta aike ta ɗebo ruwa, kafin ta dawo jirgi ya zo ya wuce. Da zanin da uwar ta ɗaura suka gane ta. Iyakar abin da ta faɗa ke nan, ni ma ban iya ƙara tambaya ba.

Irin wannan ya faru a garuruwa da dama tsakanin 1967 da 1970. A watan Satumbar 1968 bam ya faɗa kasuwar Otuocha da ke bakin kogin Anambra, ana tsaka da ciniki. A Fabrairun 1969 aka yi na Umuohiagu, kusa da inda filin jirgin Owerri yake a yau, aka kuma yi na Ozu Abam a cikin watan. A kowannensu rahotannin lokacin ɗaruruwan gawarwaki suka ambata, akasari mata da yara, don su ne masu cin kasuwa tunda maza suna bakin daga. Jiragen ƙirar Rasha ne, Ilyushin 28 da MiG 17, kuma da yawa daga matuƙan farko Misirawa ne da ba su san ƙasar ba. Jikan Winston Churchill, wanda ɗan jarida ne a lokacin, ya je yankin a 1969 ya rubuta abin da ya gani a jaridar The Times, har maganar ta kai majalisar Ingila.

Mutanen garuruwan suka koyi zama da abin. Makon Ibo kwana huɗu ne, Eke, Orie, Afo da Nkwo, kowace kasuwa da ranarta, don haka ba wuya a san inda jama'a za su taru. Sai aka riƙa janye kasuwa cikin kurmi ƙarƙashin inuwar itatuwa, a ci ta da asubar fari a watse kafin rana ta ɗaga. Aka rufe kwanon ɗakuna da ganyen kwakwa don kada ya yi ƙyalli, aka haƙa ramuka a bayan gida, aka daina sa farin kaya. Wannan ilimi ne na talaka, a bakin tsofaffi kawai yake, ba ya cikin kundin kowane janar.

Na san wani zai ce me ya kai Bahaushe tono wannan, alhali mu ma muna da namu tabon. Gaskiya ne. Ba mu manta da daren 15 ga Janairun 1966 ba, ba mu manta da Sardauna da Tafawa Ɓalewa ba, kuma jirgin Biyafara ma ya kai hari filayen jiragen Makurɗi da Kano a 1967. Akwai dattawa a Kano da suka ji ƙararsa da kunnensu, su ma ina so a naɗi nasu. Amma matar da ta kasa doya a Otuocha ba ta harbi kowa ba, kuma abin da ya same ta shi ne yanzu yake samun namu.

Ranar 17 ga Janairun 2017 jirgin soja ya jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira na Rann a ƙaramar hukumar Kala-Balge, sama da mutum 100 suka rasu, har da ma'aikatan agaji na Red Cross da suka je rabon abinci. A Satumbar 2021 masunta suka mutu a Kwatar Daban Masara da ke gaɓar Tafkin Chadi. Daren 3 ga Disambar 2023 jirgi marar matuƙi ya afka wa masu Mauludi a Tudun Biri, ƙaramar hukumar Igabi. Hukumar agajin gaggawa ta ƙirga gawa 85, kuma waɗanda suka tsira sun ce bam na biyu ya sauka ne a kan masu kwashe waɗanda na farko ya jikkata. Daga sama taron jama'a duk kamarsa ɗaya, ko kasuwa ce, ko Mauludi, ko layin karɓar tallafi. Matashin hafsan da ake koya wa aikin nan ya kamata a ce ya taɓa zama ya saurari wanda ya ga abin daga ƙasa.

Hajiya, a Gidan Tarihin Yaƙi na Umuahia, wanda aka kafa a 1985, an ajiye jiragen yaƙin ɓangarorin biyu, da motocin sulke da bam ɗin Ogbunigwe da 'yan Biyafara suka ƙera. Ƙarafan sun sami mai kula da su. Wanda yake da shekara goma a 1968 kuwa yanzu yana dosar saba'in, manyansa kuma kullum raguwa suke yi.

Garin Guernica na ƙasar Sifaniya ran kasuwarsa, Litinin 26 ga Afrilun 1937, jiragen Jamus da Italiya suka yi masa ruwan bama-bamai. Mutanen garin ba su bar maganar ta mutu ba, suna da gidan tarihi a kanta, kuma a 1997 shugaban Jamus Roman Herzog ya aika musu da wasiƙar amincewa da laifin ƙasarsa. Shekara 60 suka jira, amma shaidarsu tana ajiye.

Roƙona gare ki ba mai tsada ba ne. Ki sa hukumar ta haɗa kai da sassan tarihi na jami'o'inmu, irin su Nsukka da Zariya da Maiduguri, da Arewa House a Kaduna, a tura ɗalibai da na'urar ɗaukar murya. Su zauna da tsofaffin Otuocha da Umuohiagu da Ozu Abam, su zauna da mutanen Rann da Tudun Biri. A bar kowa ya yi magana da harshensa, a fassara daga baya, har zuwa Hausa, don ɗan Katsina ya ji abin da ya sami ɗan Abiya, shi ma ya ji namu. A tattara sunayen mamata gari-gari, a kafa allo a bakin kowace kasuwa da kwanan watan. Wanda bai so a ambaci sunansa ba, a sakaya. A kuma miƙa kwafi ga Kwalejin Horar da Sojoji ta Kaduna da ta Jaji.

Mama ta koma garinsu shekarun baya saboda ciwon ƙafa, daga baya ɗanta ya zo kwashe kayan rumfar ya shaida mana rasuwarta. Da na ba shi labarin da ta ba ni, sai ya yi shiru, ya ce shi dai abin da ya sani kakarsa ta mutu a yaƙi, bai taɓa jin maganar ɗiban ruwan ba.

Allah ya ƙara miki lafiya, ya yi miki jagora.

Naki,
Wani ɗan kasuwa daga Fagge, Kano