Wasiƙa Zuwa ga Samanja: Ni da Finafinan Kaboyi

Assalamu alaikum Samanja,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara da jikoki. Yaya sanyin Gembu, yaya kuma gwiwar? Ganyen shayin da ka aiko ya iso, Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci.

Ka ce ɗanka ya ba ka labarin ya same ni da dare ina kallon fim ɗin harbe-harbe, abin ya ɗaure maka kai: mutumin da ya ga yaƙin Laberiya a Monrobiya da idonsa, me zai nema a harbin wasa? Tambayar ta zauna mini a rai, shi ya sa na ce gara in ba ka amsa a rubuce, don waya ba ta barin mutum ya gama magana.

Ni da kaboyi ba yau muka fara ba. Tun ina saurayi a Fagge, kafin a yi zancen shiga kurtu a Zariya, da na tara 'yan kwabbaina sai Plaza, wani lokaci El-Dorado a Sabon Gari. Silima ba rufi, sama a buɗe, mai gyaɗa da mai rake suna zagayawa. Da bos ya laɓaɓo ta baya sai wurin ya kaure da ihu, "Ekta, bayanka!" kamar zai ji mu. A lokacin doki da hula da yadda ake zare bindiga ne suke burge ni. Yanzu kuwa wani abu daban nake samu a ciki, kuma sai da na dawo daga yaƙi na gane shi.

A fim ɗin kaboyi, tun daga yadda mutum ya sauko daga doki ka san ko shi wane ne. Mugu babban mutum ne mai hankalinsa, shi ya zaɓi muguntarsa. A tsaya gaba da gaba da rana tsaka, a zare, ɗaya ya faɗi, magana ta ƙare, mutanen gari su buɗe ƙofofinsu. Mu ba mu samu wannan ba, Samanja. Ka tuna Oktoban 1992, lokacin da mayaƙan madugun 'yan tawaye Charles Taylor suka afka wa Monrobiya ta cikin fadamu. Wanda ya ɓullo mana daga ciyawa yaro ne da bai isa aski da reza ba, da gashin kanti na mata a kansa, an ɗirka masa ƙwaya, bindigar tana jan ƙasa. Wanda ya sayar maka da ayaba da safe a shinge, da dare yana iya zama shi ne a ɗaya gefen. Kuma babu ranar da aka ce an gama. Aka sa hannu kan yarjejeniyar sulhu a Yamusukuro a 1991, aka sa a Kwatano a 1993, aka sa a Akosombo a 1994, aka zo Abuja a 1995, aka sake dawowa a 1996, mu dai muna cikin rami muna jira. To in na zauna awa biyu na ga faɗan da aka san mai gaskiya, aka san ƙarshensa, ba yaro a ciki, wallahi wani ƙulli ne yake kwancewa a ƙirjina. Barcin da nake yi bayansa ya fi na kullum.

Wanda na fi maimaitawa shi ne The Good, the Bad and the Ugly na 1966, na Clint Eastwood. Ba ma a Amurka aka ɗauke shi ba, wani ɗan Italiya ne mai suna Sergio Leone ya shirya shi, yawancinsa a ƙasar Sifen, kuma sojojin Sifen ne suka gina maƙabartar nan ta ƙarshe. Labarin yana tafiya ne a tsakiyar yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865. Mutane kan yi zancen tsayuwar nan ta mutum uku da kiɗanta, ni kuwa wurin da yake kama ni ya zo kafin nan. Ekta ya tarar da wani ƙaramin soja kwance a kango, an harbe shi, yana rawar sanyi. Bai tambaye shi ɓangaren da yake ba, bai ce masa komai ba. Ya cire rigarsa ya lulluɓe shi, ya sa masa tabarsa a baki ya zuƙa, ya juya ya dubi doki, kafin ya waiwayo yaron ya cika. Duk wanda ya rubuta wannan ya san abin da ake iya yi wa mai mutuwa a fage, da kuma ƙanƙantarsa. Ni da kai mun yi irinsa da gorar ruwa.

Finafinan su Commando da ire-irensu kuwa na nishaɗi ne, da jikoki nake kallonsu, muna dariya tare. Na koya musu ƙirga harsashi. Sun san gidan harsashin AK-47 talatin yake ci, na bindigarmu FN ashirin, ƙaramar bindigar kaboyi shida, don haka in ekta ya yi minti uku yana ɓarin wuta bai canza ba, su ne ke fara ihun an yi ƙarya. Na gaya musu gurneti ba ya tashi da wuta kamar tankar mai, ƙara ce da ƙura da ɓarɓashin ƙarfe, kuma mai gudu a fili tsaye ba ya kai labari gida. Wannan ƙaryar ba ta damuna, don ba ta yi kama da komai da na sani ba. Amma kar ka haɗa su da Rambo na farko, First Blood na 1982. A duk fim ɗin mutum ɗaya ne ya mutu. Labarin tsohon sojan Biyetnam ne da ya dawo gida ba aiki, ba mai maraba da shi, a ƙarshe ya durƙushe gaban kanar ɗinsa yana kuka. Duk wanda ya taɓa tsayawa layin tantance 'yan fansho cikin rana, ya ga tsofaffin mazan fama da sanda, ya san wannan kukan.

Na yaƙi na gaske su ne nake taka-tsantsan da su. Saving Private Ryan na 1998 da rana kawai nake kallonsa, ƙofa a buɗe. Farkonsa saukar sojojin Amurka ne a gaɓar Nomandi ta Faransa ranar 6 ga Yuni 1944. Ba jinin ne ya girgiza ni ba. Akwai inda harsashin igwa ya faɗi kusa da kyaftin, sai sauti ya ɗauke gaba ɗaya, yana ganin bakin yaransa na motsi amma ba ya jin komai. Haka abin yake, sak, kuma tun Saliyo kunnena na hagu bai koma daidai ba. Lokacin da fim ɗin ya fito sai da hukumar kula da tsofaffin sojoji ta Amurka ta buɗe layin waya don waɗanda ya tayar wa tsohon ciwo. Ina girmama shi, amma ba shi nake nema in na gaji ba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ba ma cikin hoton. Dubi Black Hawk Down na 2001, kan faɗan Mogadishu na 3 ga Oktoba 1993. An nuna Amurkawa 18 da suka mutu, kowa da fuskarsa da sunansa, kuma sun cancanta. Amma sojojin Malesiya da Pakistan da suka shiga da motocin sulke suka fito da su, da ƙyar ake ganinsu. 'Yan Somaliya ɗaruruwa suka mutu, an mayar da su taron inuwa kawai. Wata guda kafin nan, ranar 5 ga Satumba, an yi wa namu kwanton ɓauna a garin, aka kashe sojojin Najeriya bakwai. Su ma da iyayensu. Sannan ga Tears of the Sun na 2003, wanda aka ce a Najeriya labarin ya faru, alhali a Hawai aka ɗauke shi, aka mayar da sojan Najeriya dodon da Bruce Willis zai ceci mutane daga hannunsa. Mu da muka sauka tashar jiragen ruwa ta Monrobiya a Agustan 1990 ana ruwan wuta, muka binne 'yan'uwanmu don wasu su zauna lafiya a ƙasarsu. Wannan ban iya kai ƙarshensa ba.

Kuma ba labari muka rasa ba. Sunayen barikokinmu kaɗai sun isa: Dodan, Arakan, Myohaung a Legas, Letmauk a Ibadan, Dalet a Kaduna, duk wurare ne a ƙasar Bama (Myanmar a yau) inda iyayenmu na runduna ta 81 da ta 82 suka gwabza da Japanawa a 1944 da 1945. Yaran da ke gadi a ƙofar waɗannan barikoki yau, nawa ne suka san haka? Ga masu shirya fim nan birjik a Kano da Legas, ga mu nan da sauran numfashi, muna iya gaya musu yadda ake haƙa rami da yadda shinkafa ke ɗanɗano in an dafa ta da ruwan fadama.

Don haka ina roƙonka, kai da ka fi ni riƙe sunayen wurare, ka sa ɗanka ya rubuta abin da ka tuna na Lungi da Firitawun a yaƙin Saliyo, musamman Janairun 1999. Ni ma na fara nawa. In Allah ya kai mu 15 ga Janairu, ranar tunawa da mazan jiya, ka daure ka zo Kano mu haɗa su wuri guda, ɗaki na nan.

Maiɗakina tana gaishe da uwargida. Ka miƙa gaisuwata ga duk namu da ke can. Allah ya jiƙan waɗanda muka baro, ya sa mu cika da imani.

Naka har kullum,
Abokin raminka