Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Gwamnan Jihar Maradi kan yashin Gulbi

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, maganar yashin Gulbi ce ta sa na ɗauki alƙalami, kuma na san ta riga ta iso kunnenka.

Da damina ta ɗauke, ruwa ya janye, sai tifofi su gangara kwari. Tun asuba samari ke watsa shebur, mota ta cika har ta yi tozo, ta hauro gari ba tanti, yashi na tsiyaya kan kwalta. Ɗan kabu-kabu ya taka shi a kwana, sai ka gan shi a ƙasa shi da fasinjansa. Mai ƙosai a bakin hanya ba ta da abin yi sai rufe kwanonta da faifai duk lokacin da tifa ta gifta.

Amma babbar ɓarnar tana can cikin Gulbin. Yashin nan da ake ganin kamar banza, shi ke riƙe ruwan damina a cikinsa, yana shayar da rijiyoyin lambu har rani ya ƙare. Da shi masu zogale da tumatir da albasa suke rayuwa, daga Jiratawa har Tibiri. In an kwashe shi, gindin Gulbi ya nutse, rijiya ta gudu ƙasa, mai lambu ya ƙara igiya, ya ƙara kuɗin man inji. Gaɓa kuma, da an ƙwaƙule ƙarƙashinta, ruwan farko zai zabtare ta, ya tafi da gona da itatuwan mangwaro da kakanni suka dasa. Ramukan da aka bari su cika da ruwa, yara su ɗauka wurin wanka ne. Dam ɗin Jibiya ya riga ya rage mana ruwan da ke zuwa. Ɗan abin da ya saura ne muke kwashe masa mazauni da hannunmu.

Ranka ya daɗe, ambaliyar 1945 ce ta tashi tsohuwar Maradi daga kwari zuwa tudu. Ta 2024 kuwa, kowa ya ga gidajen da ta rusa. Garin da ya ga wannan bai kamata ya yi wasa da gaɓar Gulbi ba.

Ga kuma layin dogo yana tafe. A Fabrairun 2021 Shugaba Buhari ya ƙaddamar da aikin, kilomita 284 daga Kano, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, zuwa nan. Mun yi murna, har yau muna yi, domin Maradi garin fatauci ne. Sai dai gada da tasha da kwalbati duk siminti ne da yashi. Daga ina za a ɗebo? Kuma tunda mu ne ƙarshen layi, taragon da ya kawo kaya ba zai so komawa wayam ba, yashi kuwa kaya ne mai nauyi mai arha, irin wanda jirgi ya fi dacewa da shi. Tarago guda ya ɗauke lodin tifa biyu ko uku. Idan Gulbi ya kasa jure wa tifa, yaya zai yi da jirgi?

Tun 2018 ƙasar nan take da dokar da ta wajabta binciken illar babban aiki ga muhalli, tare da jin ta bakin jama'a. Don Allah a yi aiki da ita. A tara masu lambu da masu tifa da sarakunan gargajiya, a shata inda za a ɗiba, a hana taɓa gaɓa da kusa da rijiyoyi. Samarin da ke lodi 'ya'yanmu ne, abincinsu ke nan, ba cewa muke a kore su ba. Harajin da ake karɓa kan yashi kuma, a gaya mana nawa ne ke komawa gyaran gaɓa.

Akwai batun burtalin makiyaya da layin zai datse, da mashigar da yara za su riƙa tsallakawa zuwa lakwal, da diyyar gonaki. Su ma suna jira.

Roƙona shi ne ka gangaro kwarin da kanka kafin ruwa ya sauka, ka sa hannu kan takardar shata wuraren ɗiba a bana.

Naka,
wani mai lambu a bakin Gulbi, Maradi