Kada a zubar da kwamfutocin makarantunmu saboda Windows 11

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka domin in ja hankalin shugabannin makarantu da masu shagunan kwamfuta a nan Yamai kan wata magana da ta bazu tun ranar 14 ga Oktoba 2025, da kamfanin Microsoft ya janye kulawar da ya saba ba Windows 10, wai duk kwamfutar da ta ƙi karɓar Windows 11 ta tashi daga aiki. Maganar ba haka take ba, kuma tana iya jawo mana asarar dukiya.

Kusan duk kwamfutocin ofisoshinmu, na kamfanin Intel ko na AMD, ƙwaƙwalwarsu (processor) ƴan gida ɗaya ne da ake kira x86, zuriyar 8086 da Intel ya fitar a 1978. Abin da ya raya gidan nan shi ne jika ba ya mance harshen kakansa, domin 386 da ya kawo bit 32 (yawan bayanan da ƙwaƙwalwa ke sarrafawa a lokaci ɗaya) a 1985, da tsarin bit 64 da AMD ya kawo a 2003, duk sun ci gaba da tafiyar da manhajojin da suka tarar. Intel da kansa ya gwada wani tsari dabam, Itanium, a 2001, kasuwa ta juya masa baya, ya dawo ya bi sawun AMD.

Abin da ke hana yawancin na'urorinmu karɓar Windows 11 sharaɗi ne da Microsoft ya gindaya, wato TPM 2.0 (wani sashen tsaro a cikin na'urar) da kuma, a ɓangaren Intel, galibi ƙwaƙwalwa zubi na 8 zuwa sama. Kwamfuta mai ƙwaƙwalwa i5-6300U, wadda lambar 6 ta farko ke nuna zubinta, bit 64 ce, tana ɗaukar Linux Mint ko Ubuntu kyauta a madadin Windows, da manhajar ofis ta LibreOffice cikin Faransanci, kuma ta ishi ɗalibi rubutu da lissafi. Barinta kan Windows 10 ba tare da sabunta tsaro ba shi ne haɗarin.

Masu shaguna kuwa, ina roƙonku da Allah, idan ɗalibin Jami'ar Abdou Moumouni ya zo da kuɗin da iyayensa suka sayar da hatsi suka tara, kada ku bar shi da tambarin "Core i5" da ke manne kusa da madannai. Ku kunna na'urar, ku nuna masa cikakkiyar lambar ƙwaƙwalwarta, ku faɗa masa abin da za ta ɗauka kafin ya biya.

Naka,
Wani mai gyaran kwamfuta, Yamai