'Ya'yanmu a Alabama: ra'ayinsu ya saɓa da na gari, ya saɓa da na gida

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Hajiya. Ina gaisuwa tare da fatan alheri gare ki da iyali da duk masu sauraron wannan fili. Allah Ya ƙara basira.

Na rubuto ne a madadin wasu iyaye 'yan ƙalilan, 'yan asalin Najeriya da Nijar da Gana, mazauna Birmingham da garuruwan da ke kewaye da ita a jihar Alabama, kudancin Amurka. Damuwarmu 'ya'yanmu ne masu shekara 14 zuwa 20, waɗanda aka haifa a nan ko aka zo da su suna goye. Sun tashi da sassaucin ra'ayi a jihar da ta yi suna wajen ra'ayin riƙau, ra'ayin nasu kuwa ya haɗa su da mutanen gari, ya kuma haɗa su da mu. Ki yi haƙuri da tsawon wasiƙar. Sai kin san yadda wurin yake shawara za ta zauna daidai.

Rabon da ɗan takarar shugaban ƙasa na jam'iyyar Democrat ya ci Alabama tun 1976. A zaɓukan 2016 da 2020 da 2024 Donald Trump ya samu fiye da kashi 60 cikin 100 na ƙuri'un jihar. Mutane ne masu zuwa coci, masu riƙe da iyali, masu koya wa yaro ladabin magana da babba. Gaskiya ita ce da yawa cikinmu wannan ne ya kwantar mana da hankali muka zauna, domin mun ga wani abu mai kama da tarbiyyar gida.

Abin da ba mu lissafa da shi ba shi ne wariyar launin fata a nan tarihin jiya-jiya ne. Ranar 15 ga Satumba 1963 aka tayar da bam a cocin baƙar fata da ke titi na 16 a tsakiyar Birmingham, 'yan mata huɗu suka mutu, kuma sai a 2002 aka yanke wa na ƙarshe cikin waɗanda aka gurfanar hukunci. Sa'o'in waɗannan 'yan mata su ne kakannin abokan karatun 'ya'yanmu, baƙaƙe da farare. A shekarar 2000 aka yi ƙuri'a kan cire haramcin aure tsakanin baƙi da fari daga kundin tsarin mulkin jihar, haramcin da Kotun Ƙoli ta riga ta kashe tun 1967, amma kusan kashi 40 cikin 100 suka zaɓi a bar shi a rubuce. Kalaman raba makarantu bisa launin fata sai a 2022 aka goge su daga kundin. Har yau, ranar hutun tunawa da Martin Luther King, jagoran fafutukar 'yancin baƙar fata, a watan Janairu ita ce kuma ranar tunawa da Robert E. Lee, kwamandan sojojin Kudu da suka yi yaƙin basasar Amurka a ɓangaren masu riƙe bayi. Akwai dokar 2017 da ta hana taɓa duk wani gunki ko abin tarihi da ya shekara 40 a filin gwamnati, kuma da Birmingham ta cire na sojojin Kudu a 2020 sai da aka ci ta tarar dala 25,000.

Yanzu babu allon da ke cewa nan na farare ne. Adireshin gida ne ke yin aikin. Bayan Kotun Ƙoli ta haramta raba makarantu a 1954, farare da yawa sun ƙaura zuwa garuruwan bayan dutse, irin su Mountain Brook da Vestavia Hills, garuruwan suka kafa hukumomin ilimi nasu. Tunda harajin gidaje yana cikin abin da ke riƙe makaranta, inda gidaje suka fi tsada nan makaranta ta fi kayan aiki. Abin bai tsaya ba: a 2018 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta hana garin Gardendale ɓallewa daga hukumar ilimi ta gundumar Jefferson, saboda an tabbatar launin fata na cikin dalilan. To uba ɗan ci-rani, da ya baro gida don karatun 'ya'yansa, zai duba sakamakon jarrabawa ne ya kama haya a unguwar da makaranta ta fi kyau. Sai yaro ya wayi gari shi ne baƙar fata ɗaya ko biyu a aji, shi ne Musulmi tilo, idan kuma ya shiga cikin baƙaƙen Amurka a ce masa ɗan Afirka.

Daga nan ra'ayin ke tsirowa. Yaro ya ga inda aka kafa tarihin Rosa Parks, baƙar fatar da ta ƙi tashi ta ba farar fata kujera a motar bas, a Montgomery, ya ga gadar Selma inda aka yi wa masu tattakin neman 'yancin ƙuri'a dukan kawo wuƙa a 1965, ya shiga wurin tunawa da aka buɗe a 2018 don baƙaƙe fiye da 4,400 da gungun mutane suka kashe ba tare da shari'a ba tsakanin 1877 da 1950. Ya ji cewa baƙaƙe sun kai kusan kashi 27 cikin 100 na jihar, amma mazaɓa ɗaya cikin bakwai ta majalisar wakilan tarayya suke da rinjaye, har Kotun Ƙoli ta sa baki a 2023. Ya ga dokar 2024 da ta rufe ofisoshin daidaita dama tsakanin al'ummomi a jami'o'in gwamnati. Sai ya duba wace jam'iyya ce ke wane ɓangare, ya zaɓi gefe. A kan wannan, Hajiya, ni ban ga laifin yaran ba. Abin da suka gani gaskiya ne.

Matsalar ita ce siyasar Amurka ba ta sayar da ra'ayi ɗai-ɗai, a dunƙule take miƙo shi. Ɓangaren da ke kare baƙar fata da baƙi da Musulmi shi ne kuma ke kare auren jinsi da zubar da ciki da cewa kowa ya yi rayuwarsa yadda ya ga dama. Ɗan shekara 16 ba ya tsayawa tsince tsakuwa daga shinkafa, duka yake ɗauka, saboda waɗannan mutane su suka tsaya masa ranar da aka kira shi da mummunan suna. Uba kuma da ya ji kalma ɗaya da ta taɓa addini sai ya watsar da duka, har da maganar adalcin da ke ciki. Yaro ya ce iyayena sun goyi bayan masu raina mu, uba ya ce ɗana ya lalace. A nan gidaje ke tsagewa.

Bari in faɗa miki wuraren da abin ke ɓaci a aikace.

Idan aka zagi yaro da launinsa a makaranta, al'adarmu ita ce a je a gaisa da shugaban makaranta, a yi magana da baki, a ce a yi haƙuri. A nan abin da ba a rubuta ba tamkar bai faru ba. Hanyar da ke aiki ita ce a rubuta rana da lokaci da wuri da ainihin kalmar da aka faɗa da waɗanda suka ji, a aika wa shugaban makaranta ta imel, a nemi amsa a rubuce. Idan an yi shiru a wuce ga shugaban hukumar ilimi ta gari, sannan ga 'yan majalisar hukumar. Dokar 'yancin ɗan ƙasa ta 1964 ta haramta wariyar launin fata a duk makarantar da ke karɓar kuɗin tarayya, kuma ƙorafi ga ma'aikatar ilimi ta tarayya yana da wa'adin kwana 180. Iyaye kan bar wa'adin ya wuce suna jiran abu ya lafa. Yaro ya ga ba a yi komai ba, wata rana ya rama da hannu, shi ne za a dakatar, shi ne abin zai zauna a takardarsa. Darasin da yake ɗauka shi ne gida ba wurin kai ƙara ba ne.

Sai maganar 'yan sanda. A shekara 16 yaro ke fara tuƙi. Baƙaƙen Amurka suna zaunar da 'ya'yansu su koya musu: ka tsaya a gefe, ka kashe mota, ka sauke gilashi, da dare ka kunna fitilar ciki, hannu biyu a kan sitiyari, kada ka kai hannu aljihu ko akwatin mota sai ka faɗa an ce to. Namu iyayen ba su san wannan zama ba. Wanda ya saba fitowa daga mota ya taryi ɗan sanda da gaisuwa, a nan ya sa kansa cikin haɗari. Sunkuyar da kai da muke koyarwa a matsayin ladabi ana iya fassara shi da rashin gaskiya. Tun 1 ga Janairu 2023 kuma ba a buƙatar lasisi kafin a ɗauki ƙaramar bindiga a ɓoye a jihar, don haka ɗan sanda yana zuwa ne da zaton akwai makami a kowace mota, musun siyasa a gidan mai ko filin ƙwallo ma ba abin wasa ba ne.

Yaran kuma suna da nasu kuskuren lissafi. Suna jin 'yancin faɗar albarkacin baki ya rufe su ko'ina. Hukuncin Kotun Ƙoli na 1969 ya kare ɗalibin makarantar gwamnati ne matuƙar bai hargitsa karatu ba. Bai shafi makarantar kuɗi ba, bai shafi mai shagon da yaro ke aiki bayan an tashi ba, kuma a Alabama mai aiki na iya sallamar ma'aikaci ba tare da ya ba da dalili ba. Rubutu ɗaya a Instagram ya isa. Ga kuma takardu: a gida ɗaya za ki samu ƙani haifaffen Amurka, wa kuma yana kan katin zama. Kamu a wurin zanga-zanga ba nauyi ɗaya yake da shi a kansu ba. Wanda ba ɗan ƙasa ba da zai bi abokai ya yi rajistar zaɓe, ya aikata laifin da kan iya kai ga korar sa daga ƙasar.

Akwai wadda ta fi min ciwo, domin tamu ce. A ɗakunanmu ana kiran baƙaƙen Amurka da kalmar raini ta akata, ana ce wa yara kada su yi abota da su. Idan Musulmi baƙar fatar Amurka ya zo neman aure, sai a shiga binciken asali, a ce jikan bayi ne. Alhali a 1860 jirgin bayi na ƙarshe da aka sani, Clotilda, ya sauke mutum 110 kusa da Mobile a wannan jiha, kuma daga tashar Wida a Jamhuriyar Benin ta yau aka ɗebo su, maƙwabciyarmu. 'Yancin da ya ba mu damar zama a kowace unguwa, jinin waɗannan mutane ne ya saye shi. Yaran sun san haka. Mu muka karantar da su aya ta 13 a Suratul Hujurat, mu muka ba su labarin Bilal, kuma suna jin abin da muke faɗa a kan tabarma bayan baƙo ya fita. Da yawansu daga nan suka fara shakkar duk abin da ya fito daga bakinmu.

An gwada magunguna. Wasu sun tura yaro gida wurin kakanni shekara ɗaya ko biyu. Wanda aka shirya da shi yakan dawo da Hausa da karatu, wanda aka yaudara da sunan hutu yakan dawo da ƙullin da ba ya warwarewa. Ƙwace waya na mako biyu yana koya wa yaro buɗe shafi na biyu ne kawai. An gayyato malamai su yi nasiha, amma malamin da bai san Selma ba yakan fara da biyayya ga iyaye ya ƙare da ita, yaran su saurara cikin ladabi su tashi yadda suka zauna. Su kuma babban burinsu su gama sakandare su tsere Atlanta ko New York, ko da yake kuɗin jami'ar gwamnati ga wanda ba ɗan jihar ba yakan ninka sau biyu ko fiye, bashin kuma a wuyansu zai zauna.

To Hajiya, ga inda muke neman ki haska mana. Ta yaya uba zai ce wa ɗansa ka yi gaskiya a kan launin fata, na kuma saɓa maka a kan wancan, ba tare da yaron ya ji an ba shi da dama an karɓe da hagu ba? Da wanne ake farawa? Ni ina ganin sai babba ya fara amsa nasa laifin game da baƙaƙen Amurka kafin ya samu kunnen yaro, amma dattawanmu da dama suna ganin wannan zubar da girma ne, kuma wanda ya zubar da girmansa a gaban ɗa ba ya sake tsince shi. Shin akwai yadda uba Bahaushe zai ce na yi kuskure, girmansa na nan?

Sannan ina iyakar shiru? Muna ce musu baƙo raɓa ne, ku kama bakinku. Suna ce mana su ba baƙi ba ne, nan aka yanke musu cibiya, su kawo mana aya ta 135 a Suratun Nisa'i da ta ce a tsaya da adalci ko a kan kai ko a kan iyaye. Mu kuma mu kawo musu ta Luƙman kan kyautata zama da mahaifa. Ba ma son mu raini matsorata, ba ma kuma son a kira mu daga asibiti ko ofishin 'yan sanda. Wace ƙa'ida za a ba ɗan shekara 17 da zai gane wurin magana da wurin wucewa?

'Yan mata kuma nasu ya fi nauyi. Mai hijabi ana gane ta daga nesa, ita ke fara shan kallo da tambaya a waje, a gida kuma idan ta yi musu ana saurin cewa ta fitsare, abin da ba a cewa ɗan'uwanta namiji. Uwaye sun roƙe ni musamman in tambaye ki yadda za su riƙe 'yar da ta fi su sanin garin, kuma ta san ta fi su.

Mukan taru ranar Asabar bayan La'asar idan an tashi daga Islamiyya. Mun yi shawarar za mu saurari amsarki iyaye da yara a zaune wuri ɗaya, don haka ki yi magana da sanin cewa duka ɓangarorin biyu na jin ki, kuma yawancin yaran suna jin Hausa ko da ba sa mayarwa sosai.

Allah Ya saka da alheri. Wassalam.

Ɗan'uwanki,
malamin Islamiyyar ƙarshen mako,
Birmingham, Alabama