A yi hattara da gishiri a burtsatsen bakin teku

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in ja hankalin masu haƙa burtsatse a Lekki, Ajah da Badagry, da hukumomin ruwa na jihar Legas.

A bakin teku, ruwan daɗin da ke cikin yashin ƙarƙashin ƙasa zaune yake bisa ruwan gishiri, domin gishirin ya fi shi nauyi. In famfo ya sauke matakin ruwan daɗi da mita 1 kacal, gishirin na iya hawowa kusan mita 40 har ya tarar da bakin bututu. Kashi 2 cikin 100 na ruwan teku ya isa ya sa ruwa ya ƙi shawuwa, kuma in ya shiga sai a yi shekaru bai fita ba.

Don haka a sa ƙaramin famfo, a riƙa ja kaɗan-kaɗan. A toshe kewayen bututu da siminti, kada ruwan gishirin da ke kusa da saman ƙasa ya zurara ƙasa. Masai ya yi nisan aƙalla mita 30 daga burtsatsen. A auna gishiri a ƙarshen rani, tun kafin sabulu ya daina kumfa.

Ya kamata gwamnati kuma ta yi wa kowace burtsatse rajista, ta ƙayyade yawan ruwan da za a ja.

Naka,
Wani ma'aikacin ruwa, Legas