Kafin a ɗora wa taransista laifi, a duba lokacin sigina da wuta

Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka mai farin jini domin jan hankalin 'yan'uwanmu masu gyaran waya a Computer Village da ke Ikeja, da ɗaliban injiniyan lantarki, kan wani abu da ake yawan tsallakewa in amfilifayar rediyo (na'urar da ke ƙara wa sigina ƙarfi) ta fara zafi ko siginarta ta ƙazantu: daidaita lokacin isowar sigina da na wuta.

Siginar 4G da 5G ba ta tsayawa a ƙarfi ɗaya. Takan kumbura ta sace, ƙololuwarta kan ninka matsakaicin ƙarfinta sau da yawa. In aka ba amfilifaya wuta tsayayya, dole wutar ta kai ta ƙololuwa, rarar kuwa zafi take zama. Shi ya sa aka ɓullo da dabarar sa wutar ta riƙa bin sawun kumburin sigina, ta hau in ya hau, ta sauka in ya sauka. Ana kiran dabarar "envelope tracking". Daga cikin tushenta akwai aikin injiniya Leonard Kahn na 1952, kuma ta shigo wayoyin hannu wajen 2013, lokacin da aka sa guntun lantarki (chip) QFE1100 na kamfanin Qualcomm cikin wayar Galaxy Note 3.

Matsalar ita ce hanya biyu ake bi. Sigina na ratsa nata matatun da mahaɗa, umarnin wuta na bi ta na'urar da ke juya ƙarfin lantarki, kowanne da jinkirinsa, amma dole su iso taransista, wato ɓangaren amfilifaya da ke haɓaka sigina, tare, kamar makaɗi da mai rawa. In wuta ta makara, ƙololuwa za ta tarar da ƙarancin lantarki, kanta ya guntule, tarkacen ya fantsama cikin zangon maƙwabta, wato hanyoyin rediyo da ke gefen namu. A gangara kuma wutar ta yi yawa a banza. Tun da ƙarfin haɓakar taransista yana canzawa da wutar da aka ba ta, siffar siginar kanta takan karkace.

Tazarar da ake magana ƙarama ce ƙwarai. A zangon LTE (wato 4G) mai faɗin megahaz 20, kuskuren nanosakan ɗaya zuwa biyu ya isa a ga illarsa; nanosakan kashi ɗaya ne cikin biliyan na daƙiƙa. Kebul irin RG-58 yana jinkirta sigina kusan nanosakan 5 a kowace mita, wato santimita 20 kacal na ƙarin kebul a teburin gwaji sun cinye nanosakan guda. Zangon gigahaz 3.5 da MTN da Mafab suka ci a gwanjon hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, na Disamba 2021 faɗinsa megahaz 100 ne, don haka sararin kuskure ya ƙara matsewa sosai.

Ga yadda ake saitin. Injin samar da sigina da na samar da kumburi su sha agogo ɗaya na megahaz 10, su kuma tashi da kunnawa ɗaya; in ba haka ba, saitin safe ba zai kai azahar ba. Sai a yi saitin farko da osiloskof, na'urar da ke nuna siffar sigina a allo, a ɗora kumburin sigina kan layin wuta har su hau juna. Wannan ba ya wadatarwa. A gudun samfur (yawan takun da injin ke yi a daƙiƙa) na megahaz 122.88, taku ɗaya ya haura nanosakan 8, saboda haka sai an sa matatar dijital mai iya jinkirta ƙasa da taku guda. Daga nan a riƙa matsar da jinkirin kaɗan-kaɗan, kamar rubu'in nanosakan, ana kallon yoyon tarkacen sigina da ke zuba zangon sama da na ƙasa a na'urar auna zango. Sau da yawa in gefe ɗaya ya fi ɗaya ƙazanta, lokaci ne bai daidaita ba. Inda yoyon ya fi raguwa, gefen biyu suka kusa yin kunnen doki, nan ake tsayawa. Ƙa'idar 3GPP, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin sadarwar wayar hannu, ta nemi wayar LTE ta danne yoyon da aƙalla desibel 30, tashar turken sadarwa kuma 45.

A gama wannan kafin a kunna gyaran karkata na dijital, wato tsarin da ke koyon yadda amfilifaya ke karkata sigina ya gyara ta, don in aka fara da shi zai koyi gyara cutar da ba ita ba ce. A kuma maimaita ga kowane zango, a sake aunawa bayan allon ya ɗau zafi, musamman a yanayi irin na Legas.

Masu gyaran waya, ku kula da wannan: layin wutar irin wannan amfilifaya ba ya son babbar kafasita, wato kayan da ke tara caji. Wanda ya ga wutar tana rawa a na'urar awo ya manna babbar kafasita mai girman maikurofarad don ya "kwantar" da ita, ya hana ta bin sigina, ya kuma ɗora wa guntun wuta nauyin da zai sa shi zafi. A mayar da daidai ƙimar da ke cikin zanen allo.

Masu taɓa taransistar GaN (wadda aka yi da sinadarin gallium nitride) ta turakun sadarwa kuma, a fara ba ƙofarta (gate, ƙafar da ke buɗe ta da rufe ta) wuta mai alamar ragi har ta rufe, kafin a saki folt 28 ko 48. Wajen kashewa a cire sigina, a rufe ƙofa, a sauke babbar wuta, sannan a cire ta ƙofar.

Wassalam.

Daga wasu injiniyoyin sadarwa,
Agege, Legas.